Laftof ɗin Tsohon Rajistara

SHAFI NA 14

Masu bibiya, saƙonninku sun iso, har da na waɗanda suka ce na cika jan rai. Abin da suke kira jan rai tsari ne, tun kafin a haifi yawancinku ba a kaiwa ga hukunci sai an saurari shaida.

Wanda ya shigo yau, ga inda aka tsaya. Tsohon Rajistaran kotu ya yi shekara talatin da shida yana riƙe da rijista. Da ya yi ritaya sai ya shafe shekara goma sha ɗaya yana buga littafin shari'o'in da suka bi ta hannunsa a wata tsohuwar laftof. Aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi kallon allo mako shida, ya damƙa laftof ɗin a hannun babban ɗansa, wanda yake kira Magaji. Da ido ya warke aka dawo masa da ita, sai ga shi ta ƙi buɗewa. Kwana tara ana kunna ta, wata 'yar da'ira tana juyawa a allo, ba gaba ba baya. Magaji ya ce tsufa ne. Ƙanwarsa Auta ta ɗauki mahaifinsu da na'urar ta nufi wurin mai gyara.

*

Shagon Injiniya bai fi ɗakin ajiyar fayil girma ba. Kanta uku ne a bango, an jibge matattun kwamfutoci a kansu, kowace da 'yar takarda manne a goshi. Kujera mai majingina ɗaya ce, ita aka ba Rajistara. Auta ta zauna a benci. Magaji, wanda ya baro ofis a gurguje da ya ji inda suka nufa, ya tsaya a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu, kamar direban da ya zo ɗaukar fasinja.

Injiniya ya kifa laftof ɗin, ya karanta rubutun da ke ƙasanta, ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, wannan ai saura kaɗan ta yanki katin zaɓe."

"Shekararta goma sha huɗu," in ji Rajistara. "Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Faɗi cutar, faɗi maganin, ka kawo hujja."

"Cutar a fili take. Ƙwaƙwalwar aikinta giga biyu ce kacal. Ɗauke ta kamar ofishinka na da. Rumbun ajiya shi ne kabad, ƙwaƙwalwa ita ce saman tebur. Teburinka ƙarami ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar kuwa, kafin ka buɗe takarda ɗaya ta riga ta baje kayanta ta cinye teburin kaf. Sai ta riƙa kai kaya kabad tana dawowa da su. Wannan zirga-zirgar ita ce nawar da kake gani."

"A faɗaɗa teburin."

"A irin wannan ba ya faɗaɗuwa. Da jikinta aka haɗa shi."

"To a rage kayan."

"Yawwa. Ka yanke da kanka."

Magaji ya gyara murya daga bakin ƙofa.

"Baba, na ce maka a bar wannan wahalar. Sabuwa fil zan kawo maka, a kwalinta. Wannan a sa ta a kabad ta huta."

"Littafina yana cikin sabuwar?"

"Za a san yadda za a yi."

"Wannan hayaƙi ne, ban ji magana a ciki ba. Kuma ban ba ka izini ba tukuna. Malam Injiniya, ci gaba."

Injiniya ya jawo durowa, ya fito da filash biyu ya ajiye su a gefen laftof ɗin.

"Hanya uku ce a gabanka. Ta farko, a bar mata manhajar da take kai, a rage mata kwalliya. Za ta ɗan motsa, amma jaki ne da kayan raƙumi, ko ka cire masa ƙararrawa nauyin yana nan. Ta biyu ga ta a wannan filash ɗin, daga dangin Linuks take, domin irin waɗannan dattawan aka yi ta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na teburin take ci, ta bar maka saura. Tana da wurin rubutu, tana buɗe takardun da ka riga ka buga, tana shiri da firinta. Ta uku ita ma danginsu ce, amma siririya ce kamar tsinke. Kafin ka gyara hula ta tashi. Sai dai komai sai ka roƙe ta, kuma ba ta da fara'a."

"Na yi wa wani alƙali mai irin halin ta ukun aiki," in ji Rajistara. "Shekara huɗu ban ga haƙorinsa ba."

Auta ta yi dariya.

"Ban ce a yi dariya ba. Tambaya ta farko, Malam Injiniya. An taɓa yi?"

"An taɓa yin me, ranka ya daɗe?"

"An taɓa ɗora ta biyun a kan na'ura mai irin waɗannan shekarun, mai irin wannan ƙwaƙwalwar, ta rayu? Ba na karɓar 'ai za ta yi.' Misali nake so mai rai, wanda zan taɓa da hannuna."

Injiniya ya nuna kusurwa da haɓa. Wata baƙar laftof ce a can, an ɗaure maɗaurin murfinta da salatif, waya ta haɗa ta da firinta.

"Waccan ta girmi taka da shekara biyu. Ita ma giga biyu ce. Shekara biyar ke nan da na ɗora mata, da ita nake fitar wa mutane takardu kullum."

Rajistara ya dogara sanda ya tashi, ya je gabanta, ya ce a kashe ta a sake kunnawa yana gani. Ya tura hannun riga ya kafe agogonsa da ido.

"Daƙiƙa arba'in da biyu. An karɓi shaida."

Ya koma kujera.

"Tambaya ta biyu. Haruffa masu ƙugiya."

"Suna nan. Saita madannai ne kawai."

"Ta uku ita ce babba. Shari'a ɗari huɗu da goma sha biyu ce a cikin nan. Wa ya ba ni tabbacin za ta buɗe su yadda na bar su?"

"Ba sai na rantse ba. Tana da hali ɗaya mai kyau. Ana iya tayar da ita daga filash a gwada ta, ba ta taɓa komai a rumbunka ba. Baƙuwa ce, ta zauna a falo, ta leƙa ciki. In ba ta yi maka ba a zare filash ta kama gabanta. Amma kafin nan, ina kwafin littafin? Ni a ƙa'idata ba na taɓa na'ura sai na san akwai kwafi."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Babu kwafi," in ji Rajistara. "Asali ɗaya ne. Kwafi uban jabu ne. A shekarata ta bakwai a kotu, takardar iyakar wata gona ta fito kwafi biyu, layi ɗaya ya bambanta su. Wa da ƙane suka yi shekara tara suna shari'a, har ɗaya ya mutu ba sa gaisawa. Tun daga ranar ban sake barin rubutu ɗaya ya kwana gida biyu ba."

"Littattafan hannun da kake bugowa daga ciki fa?" in ji Injiniya.

"In tsaftataccen rubutu ya fito, ƙone daftari ake yi. Haka aka koya mana, haka muka koyar."

Injiniya ya dubi tsohon, ya dubi laftof ɗin, ya ɗan janye hannunsa kamar wanda aka gaya wa cewa kwandon da yake jingine da shi na ƙwai ne.

Magaji ya shigo taku biyu.

"Ka gani ko, Baba? Shi kansa tsoro yake ji. Abu ɗaya tilo a duniya, a ce za a soka masa filash ɗin da ya shiga kwamfuta dubu? In da ƙwayar cuta fa? Ni ban yarda ba. Auta, ɗauko jakar mu tafi."

"Yaya, kwana tara kana cewa a ba ta lokaci. Yau an sami mai buɗe ta, kuma ka ce a tafi."

"Ke, ban sa da ke ba."

"Ni ma ba da kai nake ba, da laftof nake."

Rajistara kuwa ɗansa yake kallo. Shekara talatin da shida ya yi yana nazarin fuskokin masu roƙon a ɗage shari'a, ya kuma san bambancin mai roƙo domin shaidarsa tana hanya da mai roƙo domin shaidar abokin shari'arsa ta iso.

"An ji ƙorafinka, an yi watsi da shi. Malam Injiniya, soka."

Injiniya ya soka filash, ya kunna, ya danna wani madanni sau uku. Rubuce-rubuce suka gudu a allo. Minti ɗaya bai cika ba allon ya washe, shuɗi tas, da 'yan alamomi a gefe. Fankar cikin na'urar, wadda ta kwana tara tana kuka, ta yi shiru.

Fuskar tsohon ta saki kaɗan.

"Ashe ba tsufa ba ne."

"Kaya ne, ranka ya daɗe."

"To buɗe rumbun. Folda ce mai suna Rijista. A cikinta akwai folda talatin da shida, kowace shekara da tata."

Injiniya ya buɗe. Ya gangara ƙasa, ya hau sama. Ya rubuta sunan a wurin nema, ya jira. Ya goge ya sake rubutawa. Sa'an nan ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya daɗe a haka.

"Ranka ya daɗe, wa ya sake mata manhaja?"

"Ba wanda ya sake. Yadda na saye ta haka take."

"A'a. Wadda ke kanta ba ita ta zo da ita ba. Wannan sabon yayi ce, ta manyan na'urorin ofis. Ga kwanan wata a jikin kowace folda. Mako biyar da kwana biyu. Duk rumbun nan babu abin da ya girmi mako biyar da kwana biyu."

"Maimaita."

"An share rumbun, an ɗora sabuwa. Babu Rijista."

A shagon da ke maƙwabtaka wani yana gwada lasifika, yana ƙara murya yana ragewa. Rajistara bai juya ba.

"Mako biyar da kwana biyu da suka wuce ina kwance da auduga a ido. Magaji, yanzu na ba ka izini."

"Baba..."

"Zo ka tsaya inda zan gan ka. An gyara mini idon."

Magaji ya zagayo ya tsaya a gaban kanta. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗaya, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma a tsayuwar nan bai san inda zai ajiye hannayensa ba.

"Gyara na so in yi."

"Ci gaba."

"Na ga tana ɗan nauyi. Na ce kafin a cire maka bandeji in sa mata irin wadda muke aiki da ita a ofis, ka buɗe ido ka ga sabon abu. Kada a ce ina raye mahaifina yana fama da tsohon yayi."

"Wa ya ɗora?"

"Ni."

"Kai injiniya ne?"

"Na ga ana yi. Na kalli bidiyo."

"Ya kalli bidiyo," in ji Rajistara a hankali, da muryar da yake shifta wa magatakarda.

"Ta kawo mini zaɓi biyu. Na ga ɗaya ya ce zai fi tsafta. Na danna."

"Ya yi tsafta kam," in ji Injiniya ƙasa-ƙasa.

Auta ta miƙe daga benci. 

"Kwana tara, Yaya. Kullum da safe ka biyo kafin ka wuce ofis, ka kunna masa, ka ce ba ta gama shiri ba, ka kashe kafin ta kai. Shi kuma yana zaune da tabarau yana jira kamar mai jiran layin asibiti. Ashe nawar ce rufin asirinka. Shi ya sa ka tsani mai sauƙi tun ba ka gan ta ba."

"Hanya nake nema."

"Wace hanya?"

"Ni ma ina son jin amsar nan," in ji Injiniya. "Domin abin da aka share ba ya tafiya nan take. Sunansa ake cirewa daga jeri, shi yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Sabuwar manhajar ta danne wani kaso. In ba a ƙara komai ba, da sauran rai. Yallaɓai, ka ƙara?"

Magaji ya dubi mukullin da ke hannunsa.

"Domin ga wasu baƙi nan ina gani," in ji Injiniya.

"Manhajojin dawo da fayil ne. Ni na sauko da su."

"Guda nawa?"

"Huɗu. Ko biyar."

"A kan wannan rumbun?"

"To a ina zan sa su?"

Injiniya ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Wato mutum ya faɗa rijiya, ka zo ceto, ka riƙa jefa bulo kana auna zurfi."

"Garin neman gira," in ji Rajistara, bai ƙarasa ba.

Wannan rabin karin maganar ita ta ɓalle abin da Magaji ya daɗe yana dannewa. Ya jefa mukullin motar a kan tebur.

"Na yi laifi, Baba, ban musa ba. Amma in za a rubuta a rubuta duka. A gidan kowa in an yi irin wannan kuskuren, filash ake ɗaukowa a mayar, a ci gaba da hira. Auta ta yi maka kwafi shekara biyu da suka wuce. Ka kama ta. Ka zaunar da ita a falo kamar ɓarauniya, ka karanta mata shari'ar gonar nan daga farko har ƙarshe, ka sa ta goge da hannunta kana tsaye a kanta. Tana kuka tana gogewa. Ni na faɗa ramin, na yarda. Wa ya janye tsanin?"

"Yaya, ya isa."

"Bai isa ba. Tun ina rarrafe nake tsaye a gaban kotun nan, ban taɓa cin shari'a ɗaya ba. Za ka tambaye ni me ya hana ni faɗa maka? Wa ya taɓa kawo maka kuskure ya fita da fatarsa? Girman kai ne ya sa na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, gaskiya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Hannun tsohon ya matse kan sanda har jijiyoyin suka fito. 

"An ji," ya ce. Ya juya. "Malam Injiniya, kana da abin tono?"

"Yana cikin filash ɗin nan. Daga nan zai yi aiki, ba zai rubuta ko ɗigo a rumbunka ba. Amma abin da ya fito, in za a ajiye shi, sai a wani rumbun dabam. Ba a mayar da ƙasa cikin ramin da ake haƙa."

"Kwafi ke nan."

"Ceto ke nan, ranka ya daɗe."

"A leƙa tukuna. Leƙawa ba karɓa ba ce."

Aka sa tono. Rabin sa'a shagon ya zama kamar ɗakin jiran sakamako. Wata mata ta leƙo da takardu tana son a fitar mata, Injiniya ya ce ta dawo gobe. Magaji ya zauna a kan wani kwali, kansa a tsakanin gwiwoyi. Sannu a hankali fayiloli suka fara bayyana a allo, ba suna ba shekara, sai lambobi kamar na gawawwakin da ba a san danginsu ba.

Injiniya ya buɗe na farko. Shari'a ce gajeriya, shafi biyu, ta fito cif daga kanu har sa hannu.

"Baba, ga ta nan," in ji Auta. "Ko wasali bai ɓata ba."

"Na gaba."

Na biyun ya buɗe. Rajistara ya gyara tabarau ya matso. Wannan shi ne rubutunsa na farko da ya karanta da bakinsa tun da aka buɗe masa ido, ya kuwa karanta shi da murya irin ta zauren kotu. Rigima ce tsakanin wani tela da mai gidan da yake haya, a kan keken ɗinki da aka kulle a shago.

"Bayan sauraron ɓangarorin biyu da shaidunsu uku, kotu ta gamsu cewa mai ƙara..."

Daga nan rubutun ya rikiɗe. 'Yan akwatuna, alamomin tambaya, baƙaƙen ɗigo, har ƙarshen shafi.

"Cewa mai ƙara me, Baba?"

Ya rufe ido.

"Ka tuna ai," in ji Auta. "Kai da ba ka mantuwa."

"Na tuna telan. Yana da tabo a haɓa. Na tuna ranar Talata ce, an ɗauke wuta, muka buɗe tagogi." Ya buɗe ido. "Ban tuna wanda ya ci ba. Don kada in dogara da tunawa na rubuta."

Aka buɗe na uku, kansa ya tafi, ƙafarsa tana nan. Na huɗu bai buɗu ba sam. Na biyar shari'a biyu ce suka cakuɗe, mai ƙarar wannan yana amsa tambayar waccan.

"Faɗa mini gaskiya, Malam Injiniya. Ba na son ta'aziyya."

"In aka bar ta ta yi kwana biyu tana tono, ina kyautata zaton kashi ɗaya cikin uku su fito lafiya. Kashi ɗaya rabi da rabi. Sauran sai haƙuri."

"Kashi ɗaya cikin uku ba kaɗan ba ne, Baba," in ji Auta. Ta durƙusa a gefen kujerarsa. "Shari'a ɗari da ɗoriya ke nan. Zan ɗauki hutu a wurin aiki. Mu zauna, mu jera su, waɗanda suka yage kana faɗa ina bugawa."

"Ina faɗar me? Yanzu kika gani da idonki."

"Ko rabin ne a ajiye."

Rajistara ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar.

"A shekarata ta goma sha tara rufin ɗakin rijista ya yi yoyo. Rijista guda ta jiƙe, rabin kowane shafi ya narke. Muka shanya ta muka ajiye, don tausayin wahalar da aka sha. Bayan shekara uku wani lauya ya ɗauko rabin hukunci daga cikinta ya karanta a gaban kotu, rabin da ya yi masa daɗi. Aka fitar da wata mata da 'ya'yanta huɗu daga gida. Rabin da ruwa ya cinye shi ne ya ce gidan nata ne. Da gaskiya ta fito, babban alƙali ya sa aka ƙone rijistar a harabar kotu. Ni na ƙyasta ashanar. Alƙalin ya ce rabin hukunci ya fi rashin hukunci sharri."

"Wannan littafi ne, Baba, ba kotu ba."

"Sunana ne zai hau bangonsa."

Ya gyara zama, ya miƙar da baya, ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Ga hukunci. Ta farko an kore ta, ita da wanda ya kawo ta. Ta uku ba ta da fara'a, gidana kuma ya ƙoshi da rashin fara'a. An zaɓi ta biyu, ta kawo misali, ta cika sharaɗi. Malam Injiniya, tsayar da tonon. Ka ɗora ta, ka ba ta rumbun duka."

"Ranka ya daɗe, in na ba ta duka, a kan abin da ya saura za ta zauna. Daga nan ba ni da sauran alkawarin da zan iya yi maka."

"Na ji bayaninka tun ɗazu. Ni ba kurma ba ne, makaho ne, shi ma an gyara."

Magaji ya zamo daga kan kwali ya dire gwiwa a ƙasa.

"Baba, ni ka hukunta. Kada ka hukunta littafin."

"Kai an gama da kai. Ba ka cikin masu magana."

Injiniya ya tsayar da tonon. Ya buɗe shafin ɗorawa, ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, harshe, madannai, agogo, har ya kai ta ƙarshe. Zaɓi biyu ne a allo. Ya kai kibiya kan wanda ya ce a share rumbu duka, ya saki. Sa'an nan ya juya laftof ɗin ta fuskanci tsohon, ya naɗe hannayensa a ƙirji.

"Na'urarka ce, hukuncinka ne. Amma yatsana ba zai danna wannan ba. Ga madannin nan, babban na dama."

"Da ma ba a saba ba wa baƙo ashana ba."

Rajistara ya jingine sanda, ya miƙa yatsa.

Auta ta riga shi. Ta fizgo laftof ɗin daga kan tebur ta rungume ta a ƙirji, murfin a buɗe, filash yana jikinta yana ƙyafta 'yar wutarsa. Ta ja da baya har ta jingina da kanta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa karɓar abu daga gaban mahaifinta ba sai wanda ya miƙa mata.

"Ajiye."

"A'a, Baba."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Shekara goma sha ɗaya ina kawo maka ruwa a ɗakin nan kana bugawa da yatsa biyu. Ba kai kaɗai ka yi zaman ba."

Tsohon ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Injiniya ya kai hannu zai tare shi, ya kawar da hannun.

"Ki saurare ni da kyau, domin ba zan maimaita ba. A kotu sau uku ake kiran mutum. Wanda bai amsa na ukun ba, ana rufe fayil ɗinsa, ba a kuma kiran sunansa a zauren."

Ya miƙa hannu, tafin a sama.

"Auta."

Ba ta motsa ba.

"Auta."

Hawaye ya sauko mata har haɓa. Ta ƙara ƙanƙame laftof ɗin.

Rajistara ya ja numfashi, ya buɗe baki na uku.